Ƙara uku a akwati ɗaya: nazarin wata kwamfutar shagon buga takardu a Garwa

Kwamfutar ta wani shagon buga takardu ce a unguwar Yelwa, irin shagunan da ake kai wa takardar neman aiki, da takardun shiga jarrabawa, da katin ɗaurin aure, su buga su yi fotokofi. Tsohuwar kwamfutar ofis ce, ƙirar wajen 2008, mai furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi) Core 2 Duo, cikin na hannun da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundere, mota ta ƙaraso da su Garwa. Wato ta gama aikin wasu a Turai kafin ta zo ta fara na Alhaji mai shagon. A tsakiyar Janairu aka kawo mini ita, hunturu na kaɗawa, yaron shagon ya rungumo ta a bayan babur.

"Malam, kuka take yi," in ji Alhaji. "Da safe sai an yi ta lallashi kafin ta tashi. In ta tashi kuma ana cikin aiki sai ta daskare, ko ta mutu ta sake tashi don kanta. An ce mini diskin ne ya ƙare."

Na tambaye shi me aka riga aka yi mata. Wani mai gyara ya goge Windows ya sake zubawa, bisa zaton ƙwayar cuta ce. Da abin bai daina ba, aka canza mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, domin wata safiya ta yi ta ƙarar bip-bip ba ta nuna komai ba. Ba na ganin laifin wanda ya yi haka, alamun sun yi kama da nasu. Amma duk wannan an yi shi ne ba tare da an tsaya an saurari kwamfutar ba, alhali kuwa abin da mai ita ya fara faɗa shi ne kuka take yi.

Yaron ne ya ba ni bayanin da ya fi amfani, shi da ke zama gabanta daga safe har magariba. Ya ce rashin tashin da safe ne kawai. In rana ta ɗaga, dannawa ɗaya take tashi. Har ya gano dabara: yakan danna ta ya bar fankokinta su yi ta juyawa ko da ba ta nuna komai ba, ya je ya sha shayi, in ya dawo ya kashe ya sake kunnawa sai ta tashi lafiya. Ya ce kuma ko an kashe ta da dare, muddin wayar na jikin soket, in ka kai kunnenka bayan akwatin za ka ji wani siririn fito. Alhaji ya ce shi bai taɓa jin wannan ba. Na ce, "Alhaji, ba mamaki, kunnen yara ya fi namu kama irin wannan ƙara." Haka abin yake kuwa, da shekaru kunne ke fara rasa sauti mafi siriri.

Kafin in taɓa komai na zare diskin, na haɗa shi da wata kwamfutar da na amince da ita, na kwashe takardun mutane. Wannan ba abin jinkirtawa ba ne. In diski yana ƙas-ƙas, duk kunnawar da aka yi tana iya zama ta ƙarshe, kuma a cikin wannan akwai takardun ɗalibai da na ƴan kwangila da ba su da kwafi a ko'ina. Abin lura shi ne, tsawon lokacin da aka ɗauka ana kwashewa, diskin bai yi ƙas ko sau ɗaya ba. Na duba bayanan SMART, wato rahoton da diski ke ajiyewa a kan lafiyar kansa: babu gurbin da ya lalace aka sauya, babu wanda ke jiran sauyi. Tsoho ne, awoyinsa sun yi yawa, amma ba shi ne mara lafiyar ba. Na maida shi wurinsa.

Sai na buɗe murfin gefe na kunna. Abin da Alhaji ya kira kuka ashe ƙara uku ne daban-daban, sun haɗu sun zama ɗaya a kunnen wanda ke nesa.

Na farko shi ya fi cika ɗaki: gurnani mai karkarwa, gurrr, da yakan yi tsanani da an kunna, ya lafa bayan ƴan mintuna. Gano mai shi ba wuya. Ana ɗora yatsa a tsakiyar fanka, ba a kan fukafukan ba, a tsayar da ita na daƙiƙa ɗaya ko biyu a ji ko ƙarar ta ɗauke. Ta furosesa ba ita ba ce, ta bayan akwati ma haka. Saura ta cikin akwatin wuta (sashen da ke karɓar wutar soket ya raba wa kayan ciki), wadda ba a sa mata yatsa. Da tsinken roba na taɓa ta ta cikin ragar baya, gurnanin ya tsaya cak. Irin waɗannan fankoki masu araha sandarsu tana juyawa ne a cikin wani ɗan bututu mai maiƙo. In maiƙon ya bushe, ƙura ta shiga, sandar sai ta riƙa kaɗawa. Ga shi ma ba ta juyawa da saurin da ya kamata, iskar da ke fitowa ta baya da ƙyar ake jin ta a tafin hannu, kuma da zafi.

Na biyu shi ne na diskin: ƙas, sai ka ji injinsa ya sassauta, sai ya sake ɗaukar gudu. Diskin da ke mutuwa yakan yi ƙas-ƙas a jere, da tazara iri ɗaya, domin hannun da ke karatu yana neman wurinsa yana rasawa yana komawa. Wannan kuwa jefi-jefi yake yi, kuma yawanci daidai lokacin da aka ba kwamfutar aiki mai nauyi. Tunda a wata kwamfutar ya yi shiru, a nan kuma yana yi, to abincin da ake ba shi a nan ne ba daidai ba. Wuta na ɗan faɗuwa, shi kuma yana ɗauka an kashe shi, ya janye hannunsa, sannan ya sake farawa.

Na uku shi ne siririn fiton da yaron ya ji, kuma shi ya fi ɗaukar mini lokaci. Na naɗe takarda na yi bututu, na sa ƙarshe ɗaya a kunne ina bin uwar allo, wato babban allon da aka harhaɗa kayan ciki a kansa, da ɗayan. Fiton kashi biyu ne. Ɗaya yana fitowa daga kewayen furosesa, yana canza murya in an motsa linzami ko an buɗe babban fayil. Ɗayan yana cikin akwatin wuta, shi ne wanda ba ya tsayawa ko an kashe kwamfutar. Dalili kuwa, akwatin wuta ba ya barci gaba ɗaya: akwai wani ƙaramin sashe da ke ba da bolt 5 ta waya mai launin shunayya muddin ana jone da soket, shi ne ke jiran a danna maɓallin kunnawa. Fito daga wannan sashe tare da wuyar tashi, alama ce da duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya sani.

A nan akwai abin da ake yawan kuskurewa: akan ɗora laifin fiton a kan kwandansa, wato ƴan gwangwanayen da ke tsaye a kan allo suna tara wuta. Kwandansa ita kanta ba kasafai take ƙara ba, sai dai in ta zo fashewa ta yi tsaki ko ta yi fau. Mai fiton shi ne kwayil, zaren tagullan da aka naɗe a kan ɗan ƙarfe, da kuma ƙananan taransifoma. Ana kunna wuta ana kashewa a cikinsu sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, saurin da ya wuce jin kunnen mutum. In komai na daidai ba ka jin komai. In kwandansar da ke gefensu ta gaza, da'irar sai ta rasa natsuwa, ta riƙa tsalle-tsalle a saurin da kunne ke kamawa, zaren ya yi ta rawa. Amma a kula, akwai kwamfutoci sababbi fil masu wannan fito kuma lafiyarsu ƙalau. Abin da ke sa a damu shi ne fiton da da babu shi, ya zo daga baya, kuma ya zo da rakiyar wasu alamu.

Da na hure ƙurar, wadda ta yi kauri a kan allon har ba a ganin rubutunsa, na haska tocila a kaikaice. Kusa da furosesa akwai jerin kwandansa masu rubutun 6.3V da maikrofarad 1800. Kan kwandansa mai lafiya a shafe yake, da ƴar tsaga mai siffar K ko X ko Y da aka yi da gangan don in iska ta taru a ciki ta samu mafita. Uku daga cikin jerin kansu ya tasa ya yi tozo. Ɗaya ta tsage, wani abu ruwan ƙasa ya fito ya bushe a kanta ya yi ɓawo. Wata kuma kanta lafiya, amma ta karkace, domin ta ƙasa ta kumbura ta turo robar da ke toshe gindinta. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta kusa da ramin RAM: a ido ba ta da aibi ko kaɗan, da na cire ta na auna, ta bushe ƙarƙaf.

Aikin kwandansa a wannan wuri kamar na randa ne a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa: tana tarawa in ya zo, tana bayarwa in ya yanke, mai ɗiba ba ya ganin giɓi. Furosesa ba ta cin bolt 12 da akwatin wuta ke bayarwa. Ana sauke mata shi zuwa bolt ɗaya da ɗan wani abu, kuma buƙatarta tana hawa tana sauka cikin ƙiftawar ido. A cikin kwandansar akwai siraran fallayen alminiyom biyu da aka naɗe da takarda jiƙaƙƙiya da wani ruwan sinadari. Da tafiyar lokaci ruwan yana ƙafewa, sai turjiyar cikinta, wadda ake kira ESR, ta hau. In ta hau, kwandansar ba ta iya bayarwa da sauri, kuma ita kanta sai ta riƙa ɗumama, ɗumin ya ƙara busar da ita. Sanyi kuma yana ƙara wannan turjiya, ɗumi yana rage ta. Shayin yaron shagon ke nan: mintunan da yake barin fankoki na juyawa su ke ɗumama kwandansar har ta iya ɗaukar nauyin tashi. A watan Afrilu ba za a ga wannan alama sosai ba, sanyin safiyar hunturu ne ya tona ta. Ƙarar bip-bip da ta sa aka canza RAM ma daga nan take; RAM ɗin lafiya lau, wutar da ke isa gare shi ce ke rawa.

Na auna akwatin wutar da mita. Rawayar waya ta nuna kusan bolt 12, ja ta nuna 5, ruwan lemo 3.3, duk cikin kashi 5 cikin ɗari da ATX, ƙa'idar da ake bi wajen ƙera irin waɗannan akwatuna, ta yarda da shi. Wanda ya tsaya a nan zai ce akwatin lafiya yake. Sai dai mita matsakaici take nunawa, ba ta ganin ƙananan igiyoyin da ke hawa kan wutar. Ƙa'idar ta ce kada su wuce milibolt 120 a layin 12, da milibolt 50 a layin 5 da na 3.3, kuma ganin su sai da osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a gani da ido, wanda ba kowane shago ke da shi ba. Hanyar talaka ita ce musanya. Na ɗaura mata wani akwatin wuta da na san lafiyarsa. Gurnani ya tafi, ƙas ɗin diski ya tafi, fiton dare ya tafi. Fiton kewayen furosesa ya rage amma yana nan, kuma da na sa ta gwajin Memtest86, manhajar da ke gwada lafiyar RAM, ba ta kai ƙarshe ba ta daskare. Cuta biyu ke nan, ɗaya a akwatin wuta, ɗaya a uwar allo.

Na buɗe tsohon akwatin don in ga abin da ya faru, kuma a nan ina gargaɗin masu koyo. Manyan kwandansa na ɓangaren shigowar wuta suna riƙe sama da bolt 300 daga wutarmu ta 220, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare waya. Ba wurin sa hannu ba ne sai an sauke su an auna. A ɓangaren fita, kusan duk kwandansar sun kumbura, ƴar ƙaramar ta sashen bolt 5 kuwa har allon da ke ƙarƙashinta ya yi duhu don zafi.

Yadda na karanta lamarin, ga jerin abin da ya faru. Ƙura ta kashe wa fankar akwatin wuta gudu. Zafi ya taru a ciki ya busar da kwandansar fita. Wuta mai datti ta fara zuwa uwar allo, kwandansar allon, waɗanda dama sun tsufa, suka ɗauki aikin tacewar da ba nasu ba, suka yi zafi, suka bi sahu. Ba zan rantse cewa allon bai fara lalacewa don kansa ba, amma ko ta ina aka faro, wanda ya canza kwandansar allo ya maida tsohon akwatin wuta, aikin banza ya yi.

Alhaji da ya ga kumburarrun a tafin hannuna sai ya ce, "Wutar nan ce, Malam. Ɗauke-kawo, ɗauke-kawo, me zai rage?" Yana da gaskiya ta wani fanni. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya da rani kowa a Garwa yana gani a ƙwan fitilarsa. Yankewar wuta ba zato tana lalata fayil, tana wahalar da diski, dawowarta da ƙarfi kuma tana iya ƙona ɓangaren shigowa na akwatin wuta. Amma kwandansar da ke gefen furosesa ba ta ganin wutar soket kai tsaye. Abin da ke cin ta zafi ne, kuma lissafinsa a bayyane yake. A jikin irin waɗannan an rubuta digiri 105, kuma da yawansu alkawarin masu ƙera su awa 2,000 ne a wannan zafin. Ƙa'idar da ake bi ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka kwananta. A digiri 65 za ta yi wajen awa 32,000. A 85 kuwa awa 8,000 kacal. Shagon da ke aiki awa goma a rana, kwana shida a mako, yana cin sama da awa 3,000 a shekara. Na farko shekara goma ke nan, na biyu bai kai uku ba. Ofishin da aka ƙera wannan kwamfuta dominsa yana da na'urar sanyaya ɗaki. Shagon Alhaji rufin kwano ne, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, kuma akwatin a ƙasa yake, cikin lungun tebur, bayansa manne da bango, injin fotokofi na hura masa iska mai zafi.

Wani abokin sana'a da ya leƙo ya ce ai wannan annobar kwandansa ce. Ya san tarihi, amma ban yarda da shi a kan wannan allon ba. Annobar gaskiya ce: daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 an cika kasuwa da kwandansa, yawancinsu ƙirar Taiwan, da aka zuba wa ruwan sinadarin da bai cika ba. Ruwan yana cin alminiyom ɗin, iskar haidurojin ta taru, su kumbura cikin shekara ɗaya ko biyu ko da a ɗaki mai sanyi. Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga matsalar kwandansa a wancan zamani ba. A 2005 Dell ya ware dala miliyan 300 don gyaran kwamfutocinsa, cikinsu har da OptiPlex GX270 da GX280, kuma iMac G5 na Apple ma ya sha irin wannan. Bayan haka ne masu ƙera allo suka koma ga kwandansa masu daskararren sinadari, waɗanda ba su da ruwan da zai ƙafe. Amma allon da aka yi a 2008, ya yi shekara fiye da goma yana aiki kafin ya kumbura, ba za a ce an cuce shi a masana'anta ba. Ya ci kwanansa ne, Garwa kuma ta gaggauta masa.

Saura shawara: a gyara ko a sayi wata? Akwatin wuta ban ko tsaya ciniki a kansa ba, na ce a canza shi. Wanda ya ƙone haka ba na maida shi shagon da ke cike da takarda. Allon kuwa na ce a gyara, domin wata ta hannun da za a sayo sa'arta ce, ba wanda ya san abin da ke cikinta, wannan kuwa mun riga mun san ciwonta. Ga kuma tsohuwar firintar shagon da ke jone da ita ta faffaɗan soket ɗin da sababbin kwamfutoci ba su da shi.

Canza kwandansar uwar allo ya fi na rediyo wuya. Allon hawa-hawa ne, da shimfiɗun tagulla a ciki masu shanye zafi, don haka ƙaramin ƙarfen soda ba ya narkar da komai, sai dai ya sa mutum ya yi ta ja har ya tsinke hanyar da ke cikin ramin. Ana son mai wat 60 ko fiye, mai faffaɗan baki. Kuma tun Yulin 2006 dokar Turai ta hana dalma a sodar irin waɗannan kaya, sodar da ta maye gurbinta sai wajen digiri 217 take narkewa, ta da kuwa 183. Dabarar ita ce a fara ƙara tsohuwar soda mai dalma a kan kowace ƙafa su gauraya, sannan a riƙa ɗumama ƙafa ɗaya ana karkata kwandansar kaɗan, a koma ɗayar, har ta fito. Ramin da ya toshe da allurar bakin ƙarfe nake buɗe shi, don soda ba ta kama ta. Kafin a cire ko ɗaya a ɗauki hoto da waya: zanen da ke gefen kwandansa shi ne ƙafar ragi, amma alamar da ke kan allo ba duk kamfanoni ke yin ta iri ɗaya ba, kuma wadda aka juya fashewa take yi.

Samun na maye shi ne babban aiki. Na kasuwa da masu gyaran rediyo ke saye, ko lambobinsu sun yi daidai, ba a yi su don wannan wuri ba. Ana buƙatar masu ƙaramin ESR, masu digiri 105, maikrofarad daidai ko kusa, bolt daidai ko sama da na da. Sunaye irin su Rubycon da Panasonic da Nichicon su ake nema, sai dai jabunsu sun yi yawa, har akan samu ƙarama an saka ta cikin rigar babba. Nawa daga wani mataccen allo na ciro su, wanda tsawa ta kashe ta wani ɓangare, na auna kowace kafin in ɗaura. Ban tsaya ga kumburarrun ba, duk jerin na canza, da na kusa da RAM. A haɗe suke aiki, nauyi ɗaya suka ɗauka, kuma auna su a kan allo yaudara ce, domin mai lafiya ɗaya tana rufa wa matattu asiri.

Bayan an gama ta kwana tana gwajin Memtest86 ba kuskure. Gwajin da na fi jira shi ne na asuba: na bar ta a zare har sanyi ya ratsa ta, dannawa ɗaya ta tashi. Fiton kewayen furosesa ya ɓace, sai dai yaron ya ce in ya manna kunne yana jin ɗan kaɗan, na ce wannan a bar shi.

Da muka maida ta shago na sa aka ɗora akwatin a kan tebur, aka ja shi nesa da bango da injin fotokofi, na nuna wa yaron yadda zai riƙa hure ƙura duk wata a lokacin hunturu, yana riƙe fanka kada iska ta juya ta fiye da kima. Na ce wa Alhaji ya sayi ƙaramin diski na waje don kwafin takardun mutane, ya kuma canza batirin ondulansa, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, wanda na tarar ba ya riƙe wuta ko na minti ɗaya. Diskin ya saya a ranar. Batirin kuwa ya ce sai bayan an gama hada-hadar takardun jarrabawa kuɗi sun shigo.